Wanda Ya Buga Lamba Biyu

Ƙarfe biyu da rabi na ranar Talata wayar ofis ta yi ƙara. Sufeto na cikin feƙe fensirinsa, ya ɗauki kan wayar da hannun hagu. Bai kai ga yin sallama ba muryar wani mutum ta cika masa kunne, yana magana yana haki.

"Yallaɓai, an sace ta! Ita kaɗai gare mu, an sace ta!"

"Wa aka sace? 'Yarka?"

"Kyamara, yallaɓai."

Sufeto ya sauke numfashi, ya rubuta kwatancen wurin a bayan wata tsohuwar takarda, ya ƙwala wa Saje kira. A mota Saje sai ƙorafi yake yi cewa ko cokali uku bai kai baki ba aka tashe shi, a kan kyamara kawai, abin da ake sayarwa a kowane shago.

"Wanda ya kira ni kamar zai yi kuka," in ji Sufeto. "Taka mota."

Wurin tsohon gida ne da aka mayar ofis, tsakanin wani shagon buga takardu da kantin magani. Wani dattijo mai gadi ya buɗe musu ƙofa, ya mayar ya rufe da kwaɗo. Mai kamfanin, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ya tarbe su a tsakar gida, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi.

"Ni na ce a kulle," in ji shi. "Tun da na ga babu ita, ba wanda ya fita."

"Ka kyauta. Wace irin kyamara ce?"

Injiniya ya ce girmanta bai wuce na tocila ba. Ana kara ta a idon mutum, ta haska da wata 'yar fitila, ta ɗauko hoton can cikin ƙwayar ido. Masu ciwon suga da yawa suna makancewa ba su sani ba sai abu ya yi nisa, ita kuwa tana nuna matsalar tun da wuri. Shekara uku suna haɗa ta da hannunsu. Gobe ƙarfe goma likitoci shida za su zo su gwada, in ta yi musu, a fara kai irinta ƙananan asibitoci.

"Ba ku da wata?"

"Zane kawai, yallaɓai. Sai na yi wata takwas kafin in haɗa wata."

Su huɗu ne ke aiki a wurin ban da mai gadi. Akwai Injiniya da ƙanwarsa, wadda suke ce wa Auta. Akwai Dogo, saurayi mai tabarau da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Su biyun nan ne ke rubuta manhajar da ke sarrafa kyamarar. Na huɗu shi ne mijin babbar yayarsu, mutum mai tsabta da ƙamshin turare, wanda ke yawon tallata aikin ga asibitoci. Mai Talla suke kiransa, shi ma ya amsa sunan.

Kyamarar tana zama ne a wani kabad mai gilashi a ɗakin gwaji. Kwaɗon bai karye ba. Makullin kuwa a bayan ƙofar ofishin Injiniya yake rataye, kuma duk su huɗun sun san wurin.

"Ga kyamarar tsaro can a kusurwa," in ji Saje. "Ai aiki ya ƙare. A kunna mana mu ga fuskarsa."

Injiniya ya yi wata irin dariya marar daɗi. "Zo ka gani."

Kwamfutar da ke naɗar hoton tana ɗakin gaba, inda kyamarar tsaron ba ta hangowa. Dogo ya kunna musu. Ga ɗakin gwaji, ga kabad, ga kyamarar duba ido a ciki. Sha biyu da rabi kowa ya fita cin abinci. Sha biyu da minti arba'in tana nan. Da minti arba'in da tara tana nan. Da minti hamsin daidai, kabad wayam. Ba wanda ya shiga, ba wanda ya fita, ko ƙofa ba ta motsa ba.

Saje ya ja da baya. "Yallaɓai, wannan fa ba aikin mutum ba ne."

"Mai da shi baya," in ji Sufeto.

Sau uku ya sa aka maimaita. A na huɗu ya miƙe zumbur, kujera ta faɗi, ya nufi ɗakin gwaji da sauri. Suka ji yana danna makunni a bango, ƙas, ƙas, ƙas. Ya dawo idonsa na ƙyalli.

"Fankar ɗakin nan, yaushe ta lalace?"

"Jiya da safe," in ji Auta.

"To ku duba!" Ya ɗora tsinin fensir a kan allon. "Kafin sha biyu da arba'in fanka a tsaye take. Bayan sha biyu da hamsin a tsaye take. Amma a minti goman nan na tsakiya, ga ta nan tana juyawa abinta. Saje, aljaninka har gyaran fanka ya iya?"

Auta ta dafe baki.

"Tsohon hoto ne," ta ce. "An cusa mana hoton makon jiya."

"Ta yaya ake yin haka?"

Auta da Dogo suka fara magana a lokaci guda. Sufeto ya ɗaga hannu. Idonsa ya faɗa kan wani farin allo a bango, an raba shi biyu da jan layi, kowane ɓangare cike da rubutu, an goge an sake, har da zanen kan jaki a gefe ɗaya.

"Wannan fa?"

"Rigimarsu ce," in ji Injiniya. "Mako biyu ba su bar ni na sha ruwa ba."

Dogo ya gyara tabarau ya yi bayani. Manhajar tasu ba ta da maɓallan da ake dannawa. Baƙin allo ne kawai, mutum ya rubuta umarni ya buga, kwamfuta ta bi. Manhajar ce ke sarrafa kyamarar ido, da ita kuma suke naɗar hoton tsaro. Idan an jona kyamara fiye da ɗaya, dole a gaya mata wacce ake so. A nan suka rabu.

"Ni na ce da lamba," in ji Dogo. "Ka buga 'yan layuka biyu, ka rubuta lamba, ka sa sifili." Ya nuna a allo inda aka rubuta --lamba 0. "Gajere ne. Ma'aikaciyar asibiti da ke da mutum talatin a layi ba ta da lokacin rubuta wasiƙa."

"Sifili kuma? Ina ɗaya?"

"Kwamfuta daga sifili take fara ƙirga, yallaɓai. Ta farko sifili, ta biyu ɗaya."

"Allah mai iko," in ji Saje.

"Ni kuma na ce lamba ba ta da amana," Auta ta karɓe. "Layi ne, yallaɓai. Wadda aka fara jonawa ita ce sifili. Gobe a sauya ramin da ake jona su, ta jiya ta koma ɗaya. Sai likita ya ce a ɗauki idon mara lafiya, kwamfuta ta ɗauko masa fuskarsa. Shi ya sa na ce a kira kowace da sunanta." Ta buga yatsa a kan --suna.

"In ka sayi biyu iri ɗaya, sunansu ɗaya!" in ji Dogo.

"Shi ya sa na ƙara lambar jiki, wadda masana'anta ta buga mata!"

"Harafi goma sha shida! Wa zai haddace?"

"Ba sai an haddace ba, ka buga --jera ta zayyano maka su duka!"

"Ya isa," in ji Sufeto, amma murmushi yake yi, yana ta rubutu. "Jakin na wane ne?"

"Ita ta zana," in ji Dogo.

"Yanzu ku amsa mini. Yaya aka cusa tsohon hoto?"

Auta ta buɗe aljihun teburinta ta ciro wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana, mai rami gaba da baya. Ta ce in aka jona wayar hannu ta nan, aka jona kwamfuta ta can, duk bidiyon da ke cikin wayar sai kwamfuta ta ɗauka wata kyamara ce ke ɗaukowa a lokacin. Suna da irinsa uku don gwaji: nata, na Dogo, da na Injiniya. Mutum ya tsayar da naɗi, ya jona akwatin, ya zaɓi kyamara ta biyu, ya je ya yi abin da zai yi, ya dawo ya mayar da ta farko.

"Manhajar ba ta rubuta wanda ya taɓa ta?"

"Ba ta rubuta komai," in ji Dogo. "Kullum Auta na mita a kan haka, kowa ya ji."

Sufeto ya dubi Auta. Ita kuma ƙasa take kallo.

Ya karɓi ofishin Injiniya ya riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ya ce ya je ɗauko yaransa daga makaranta, Saje ya buga waya aka tabbatar. Mai gadi ya rantse bai ɗaga daga bakin ƙofa ba, kuma ko kaza ba ta shiga ba. Dogo ya ce yana gidan abincin da ke tsallaken titi.

Mai Talla ya shigo da fara'a, ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Ina kake daga sha biyu zuwa ɗaya?"

"Can babban asibiti, ranka ya daɗe, ina jiran wani likita. Sai wajen biyu na iso."

"Ka gan shi?"

"Ina fa! Ka san likitoci. Na gaji na taho."

"Da motarka?"

"Tana wajen makaniki tun jiya. Tasi na hau."

"Kana taɓa kwamfutar can?"

Mai Talla ya yi dariya har da tafa hannu. "Ni? Ranka ya daɗe, ni baki ne jarina. In suka fara rigimarsu ta lamba da suna, zama nake yi kamar an kai ni wata ƙasa. Ko kunna ta ban iya ba." Ya sassauta murya. "Ba na son in ɓata yaro, amma Dogon nan kwana biyu ba ya cikin hayyacinsa. Tun da Injiniya ya fara karkata wajen ƙanwarsa."

Auta ce ta ƙarshe. Ta zauna a bakin kujera tana murza zoben hannunta.

"Ɗazu Dogo ya ce manhajar ba ta rubuta komai," in ji Sufeto. "Ba ki ce e ba, ba ki ce a'a ba. Mai rigimar mako biyu ba ta yin shiru haka kawai."

"Yallaɓai, Yaya zai kashe ni."

"Ina nan, ba zai kashe ki ba."

Ta yi ajiyar zuciya. Ta ce Injiniya ya hana a taɓa komai sai bayan zuwan likitoci. Ita kuwa ta ƙagu ta nuna tata hanyar ce daidai. Ranar Asabar ta ɗora sabuwar manhajarta a kan kwamfutar tsaro ba tare da kowa ya sani ba. A waje kamar tsohuwar take, tana karɓar lamba yadda aka saba. Amma a ɓoye tana rubuta kowane umarni da aka buga mata, da lokacin, da lambar jikin abin da aka zaɓa.

Sufeto ya buga tebur. "Kika zauna da wannan a ciki tun ɗazu? Tashi mu je!"

Ya sa Saje ya fitar da kowa tsakar gida, suka rage su uku. Auta ta buga wasu kalmomi, rubutu ya gangaro a baƙin allon. Ta karanta musu. Sha biyu da talatin da tara, an tsayar da naɗi. Sha biyu da arba'in, an zaɓi wani akwati mai lambar jiki da ta ƙare da bakwai, huɗu, bakwai. Sha biyu da hamsin, an koma kyamarar tsaro.

Saje ya tattaro akwatunan uku. Aka jona su ɗaya ɗaya, Sufeto da kansa ya zauna yana buga --jera da yatsa ɗaya, yana leƙen kowane harafi kafin ya danna. Na Auta ba shi ba ne. Na Injiniya ba shi ba ne. Na uku, wanda aka ciro daga aljihun teburin Dogo, ya fito da bakwai, huɗu, bakwai.

"Shi ke nan," in ji Saje. "Kuma yallaɓai, na tsallaka gidan abincin. Matar ta ce yau ba ta ga Dogo ba, kuma ba mutum ne da zai shige ba a gan shi ba."

Aka shigo da Dogo. Da ya ji abin da ake ciki, sai ya zauna a kan kwali.

"Wallahi ban ɗauka ba. Aljihun teburina ba ya kulluwa, kowa ya sani."

"Ina ka je?"

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Wajen tela, yallaɓai. Kwat na aro wajen abokina saboda gobe, hannun ya tsaya mini a nan." Ya nuna tsakiyar damtsensa. "Na kai a saki. Kunya ce ta hana ni faɗa a gaban Injiniya."

Saje ya ƙunshe dariya ya ciro ankwa duk da haka. Sufeto bai ko waiwayo ba. Hancinsa na dab da allon kwamfutar.

"Mayar da ita aljihu, Saje. Auta, waɗannan layuka ukun da kika tsallake, me suke cewa?"

Ta matso. "Kuskure ne kawai. An buga --lamba 2, ta ce babu kyamara mai wannan lamba. An sake, ta sake faɗa. Sau uku. Sannan aka buga ɗaya, ta karɓa."

"Dogo, kyamara biyu ce a jone, ana son ta biyu. Me za ka buga?"

"Ɗaya mana."

"Ko an tashe ka daga barci?"

"Ko a mafarki, yallaɓai."

"Ke fa?"

"Ɗaya."

"Injiniya?"

"Shi ya koya mana," in ji Auta. Sai ta tsaya, idonta ya buɗe.

"Yauwa!" Sufeto ya miƙe yana zagaya ɗakin. "Ni da na zo yau, da kun ce in zaɓi ta biyu, biyu zan buga, don kuwa haka uwata ta koya mini ƙirga. Ɓarawon nan irina ne. Ya san umarnin, ya san akwatin, ya ji ana cewa ba a rubuta komai. Ya sha zama yana saurare, amma hannunsa bai taɓa yi ba. Saje, kawo mini Baba mai gadi."

Dattijon ya shigo yana riƙe da hularsa. Sufeto ya ba shi kujera, ya zuba masa ruwa da kansa.

"Baba, ba aikinka na zo karɓewa ba. Amma yaron can saura kaɗan ya kwana a bayan kanta a kan abin da bai yi ba. Ka bar ƙofar nan ko ba ka bari ba?"

Baba ya dubi Dogo, ya dubi ƙasa.

"Na bari, ɗana. Aike na aka yi."

"Wa ya aike ka?"

"Mai Talla. Bayan fitarsu kaɗan ya zo, ya ce in karɓo masa takardun talla a shagon da ke bayan kasuwa, shi zai tsare mini ƙofa. Na je aka ce ba su gama ba. Da na dawo ya ce kada in faɗa wa Injiniya na bar bakin aiki, zai rufa mini asiri. Ya ja motarsa ya tafi."

"Motarsa?"

"Farar nan tasa. Da ya dawo ƙarfe biyu ne na gan shi a ƙasa."

Saje ya nufi ƙofa. Sufeto ya riƙo hannunsa.

"In ka kama shi yanzu, zai ce tsoho ya rikice. Kyamarar nake so. Bai yi nisa da ita ba, tunda a ƙafa ya dawo. Auta, kyamarar nan da igiya ake jona ta?"

"A'a, ta iska take magana da kwamfuta. Tana da batir, in an kira ta sai ta farka." Ta girgiza kai. "Na gwada --jera tun ɗazu a ɓoye, ba ta fito ba. Sai an matso kusa da ita, kamar taku goma sha biyar."

"To mu matsa kusa da ita mana! Ɗauko kwamfutarki ta hannu."

Haka aka buɗe ƙofa suka fito titi. Auta a gaba, rungume da buɗaɗɗiyar kwamfutarta. Dogo na gefenta ya ɗaga kwali yana tare mata rana don ta ga allon. Sufeto na biye, sai Injiniya, sai Mai Talla da Saje ya ce masa ya zo ya taya su, yana tafe dab da kafaɗarsa.

"Me ake nema ne, ranka ya daɗe?" in ji Mai Talla.

"Shan iska muke yi."

Duk taku goma Auta ta tsaya ta buga. Babu. Suka wuce kantin magani. Babu. Suka kai mahaɗa, Sufeto ya dubi dama ya dubi hagu, sannan ya dubi Mai Talla, ya ga idonsa na satar kallon hagu.

"Hagu," in ji shi.

Masu shaguna suka fara leƙowa. Wani mai gyaran takalmi ya bar aikinsa ya biyo su, wata mai sayar da lemo ta tambayi Saje ko ma'aikatan ruwa ne. Kafin su kai ƙarshen layin mutum kusan ashirin na bayansu, ba wanda ya san abin da ake nema, amma duk sanda Auta ta tsaya kowa sai ya tsaya.

A gaban wani wurin wankin mota ta buga, ta yi tsalle har kwamfutar ta kusa suɓucewa.

"Ga ta! Yaya, ga ta! Ta fito!"

Injiniya ya ture Dogo ya leƙa. Layi ɗaya ne a allon, sunan kyamarar da lambar jikinta.

"Kira ta," in ji Sufeto.

"Da lamba ko da suna?" in ji Dogo.

"Kai dai riƙe kwalinka!" Yatsunta suka yi gudu. Ta rubuta --suna ido, ta buga.

Allon ya yi baƙi, sannan ya yi haske. Fitilar kyamarar ta kunnu a duk inda take. Wani abu ya bayyana, ƙato, ja da fari, kamar saƙa.

"Mene ne wannan?" in ji Saje.

"Tana ƙara girman abu ne," in ji Auta. "Zare ne. Tawul ne mai ratsin ja."

Injiniya ya juya a hankali ya dubi mijin yayarsa. "Na san tawul ɗin nan. A bayan motarka yake zama."

A can ƙuryar wurin wankin, bayan wata babbar mota, an lulluɓe wata ƙarama da tamfol. Mai wurin ya ce wani mutum ne ya ajiye ta wajen ƙarfe ɗaya da rabi, ya ce kada a wanke, a rufe kawai. Da aka tambaye shi wane ne, ya miƙa hannu ya nuna.

Saje ya yaye tamfol. Farar mota ce.

"Makaniki ya iya ajiya," in ji Sufeto. "Makulli."

Mai Talla ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, kamar mai neman abin da ya san babu. Saje ya taya shi, ya ciro. Da aka ɗaga but ɗin bayan motar, ga tawul a naɗe a cikin kwalin takardun talla, wani ɗan haske na fitowa ta cikin zaren. Injiniya ya kwance shi da hannu biyu, ya ɗago kyamarar, ya juya ta gaba da baya, ya duba gilashin. Ko ƙwarzane babu. Ya rungume ta a ƙirji ya zauna a kan dakalin wanki, bai damu da ruwan da ke jiƙa masa wando ba.

Jama'a suka ɗauki tafi, har waɗanda ba su san ko mece ce ba. Dogo ya jefar da kwali ya ɗaga hannu sama yana ihu.

"Wani ne ya saka mini," in ji Mai Talla. "Sharri ne."

"Wayarka," in ji Sufeto.

Bai sha wahalar nema ba. Bidiyon ɗakin gwaji na ranar Larabar da ta wuce yana ciki, mai tsawon minti goma sha biyar. Sufeto ya juya masa allon ya riƙe a gaban fuskarsa.

Kafaɗun Mai Talla suka sauka.

"Ni ne," ya ce.

"Me ya sa?" Injiniya ne ya tambaya, daga inda yake zaune. "Me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. Abin ke nan." Mai Talla ya dubi kyamarar. "Shekara uku ina gantali asibiti asibiti, ana bar ni a benci kamar mai jiran allura. Ni na samo likitocin nan shida, ɗaya bayan ɗaya. Da ka buga takardar gobe, sunanka na gani, da na Auta, da na yaron nan. Nawa babu. Wani kamfani ya ce in na kawo musu ita su buɗe su ga cikinta, za su ba ni ofis da kujera, a riƙa ce mini manaja. Yau da yamma zan kai."

"Da ka yi magana ai da na sa."

"Sai na roƙa?"

"Sai ka ɗora wa Dogo?" in ji Auta. Hawaye ne a idonta, amma muryarta ba ta karye ba. "Shi da yake ba ka kujerarsa kullum in ka shigo?"

Mai Talla ya miƙa hannuwansa tun kafin a ce ya miƙa. Saje ya ɗaura ankwa, jama'a suka dare suka ba su hanya, ya tasa shi gaba zuwa inda suka bar motar 'yan sanda.

Sufeto ya ce wa Injiniya a ƙa'ida kyamarar shaida ce, ya kamata ta kwana a caji ofis. Ya ga yadda fuskar mutumin ta canza, sai ya ce zai ɗauki hotonta ta kowane ɓangare, Injiniya ya sa hannu ya riƙe ta, bayan likitoci sun tafi ya kawo. Injiniya ya kama hannunsa da hannu biyu.

Suna cikin haka waya ta yi ƙara a aljihun Injiniya. Ya ciro ya duba, ya nuna wa Auta. Babbar yayarsu ce, matar Mai Talla.

"Kar ka ɗauka," in ji Auta a hankali. "Ba a waya za ta ji wannan ba."

Injiniya ya miƙa wa Dogo kyamarar. "Kai ta ofis ka kulle, makullin ya kwana a hannunka." Ya dubi ƙanwarsa. "Zo mu je gidanta."

Sufeto ya tsaya har suka sha kwana, wayar na ta ƙara a hannun Injiniya. Sannan ya juya ya bi bayan Saje.